Zarton da Na Bari Cikin Katako

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Yau kwanana biyar a jirgin asibiti. Malamar da ta koya mana rubutu a makarantar yamma ta ce duk abin da mutum zai rubuta ya fara sa rana da lokaci a sama, to na sa. Ina da shekara hamsin da uku na fara riƙe biro. Yanzu ina da sittin da ɗaya, kuma har yau hannuna ya fi sabawa da zarto.

Shekara arba'in ina sassaƙa jiragen katako a bakin tekun garinmu Tana Beru, amma ban taɓa kwana a na ƙarfe ba sai yanzu. Na katako yana da kuka, daga kukan kake sanin lafiyarsa. Wannan ba ya cewa komai, sai gurnanin inji da sanyin na'ura da warin magani. Mun saki anga kusa da wani tsibiri a kudancin Filifin. Mutanen nan Musulmi ne, tun da sassafe suke zuwa a ƙananan kwale-kwale, amma ban da sallama ba na jin komai a bakinsu.

Aikina gyaran ƙofa da gado da kujera. Ɗakinmu ɗaya da Om Yopi mai girki, ɗan ƙasarmu mutumin Ambon, Kirista, wanda ya daɗe a jirgin har yana jin yaren tsibirin. Shi ne tafintana, shi ne kuma mai tsokanata. Jirgin yana juyawa a kan angarsa, don haka alƙibla ba ta zama wuri ɗaya. Ɗazu ya ce min, "Daeng Talli, Azahar ka kalli ƙofa, La'asar ka kalli taga. Ni dai kar ka yi Magariba a kan gadona."

Shekara uku da suka wuce irin wannan jirgi ya je garinmu, aka cire wa matata Saribanong yanar ido. Ranar da ta sake ganin zaren allura na yi alkawarin ba da aikin hannuna wata biyu. Shi na zo cikawa. Hasna, 'yarmu tilo, cikinta wata bakwai ne, bayan shekara tara da aure. Na ƙirga da yatsu, zan koma kafin ta sauka.

Na fara gadon jaririn kafin in taho. Zan ƙarasa shi.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

An kira ni ofishin Likita Luz, babbar mai tiyata. Na ɗauka kujerarta ce ta karye, har na tafi da guduma.

Ashe maganar jini ce. Jirgin ba shi da wurin ajiyar jini mai yawa, saboda haka jinin yana ajiye ne a jikin ma'aikata. Duk wanda ya hau ana gwada nasa a rubuta, ranar da ake bukata a kira shi da lasifika. Yopi ya fassara min cewa nawa irin wanda ba a cika samu ba ne a ƙasashenmu. A katina akwai harafin O da ɗan gajeren layi a gefensa. Da akwai wani injiniya mai irinsa, amma ya koma ƙasarsu a watan jiya. Saura ni kaɗai.

Akwai wata mata, Nurhaima, mai noman ciyawar teku, 'ya'yanta huɗu. Ƙari ne a cikinta, wanda bai sani ba zai ce ciki ne wata tara. Jininta irin nawa ne. Likita ta ce ba za ta sa mata wuƙa ba sai ta san ina zaune a bayan ƙofa. An sa ranar Talata.

Na ce to. Na sa hannu a takarda, na rubuta sunana duka, ban dangwala yatsa ba.

Gizago ya taɓa sare min ƙafa ban yi ƙara ba, amma allura ina tsoronta. Yopi ya gani a fuskata, ya ce zai riƙe min hannu ya yi min waƙar rarrashi.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na zama kaka!

Mace ce. Waya ba ta kamawa sai a saman jirgin daga baya, kusa da tankin ruwa, a can Jumardin mijin Hasna ya same ni. Na sa ya maimaita sau uku. Na sauko matakala ina faɗa wa duk wanda na gamu da shi, har da waɗanda ba sa jin yarena. Wata ma'aikaciyar jinya ta rungume ni, na rasa inda zan sa hannuna. Yopi ya buga murfin tukunya da ludayi, ya sanar wa ɗakin cin abinci cewa daga yau kowa ya ba tsoho hanya. Shekara tara muna jira. Shekara tara Hasna tana zuwa sunan 'ya'yan ƙawayenta tana dawowa ta shige ɗaki.

Kilo ɗaya da giram ɗari huɗu. Tana cikin kwalba a asibitin birni. Jumardin ya ce Hasna lafiya lau. Da na tambayi jaririyar ya ce likitoci suna dubawa.

Asabar, bayan Magariba

Bakwaini ce. Na san bakwaini da yawa da suka girma suka yi ƙarfi. Na zauna ina lissafa su, na samu uku.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Kwana biyu ina kewaya wannan magana. Bari in rubuta ta.

A sana'armu, ranar da za a yanka babban gungumen da zai zama ƙashin bayan jirgi, ba a tsayar da zarto a tsakiya. Idan ya shiga katako sai ya fita ta ɗaya gefen. In hannun mai yanka ya gaji, wani ya karɓa kafin ƙarfen ya huce. Jirgin da aka katse yankansa na farko ba ya cika kwanakinsa a ruwa. Haka ubana ya koya min, haka na koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina. Na taɓa korar mutum a kan wannan.

Safiyar da zan taho na ce bari in rage aiki. Na ɗauko katakon bitti da na ajiye wa gadon jaririn, na ja layi, na sa zarto. Yankan farko ne. Ina tsakiya motar da za ta kai ni Makassar ta tsaya a ƙofar gida tana ta busa ƙaho, direba yana cewa jirgin sama ba ya jiran kowa. Na saki zarton a cikin katakon, na ɗauki jaka na fita.

Na ce a raina ai gado ne, ba jirgi ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka ta zo, saura wata biyu lokacinta ya cika.

Ban faɗa wa kowa ba. Limaminmu zai ce camfi ne, kuma na san komai na Allah ne. Na sani. Amma zarton yana can a rumfa, rabi a ciki rabi a waje, ina ganinsa ko na rufe ido.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Ba a yi aikin ba. Nurhaima ta tashi da zazzaɓi. An ɗaga zuwa Litinin mai zuwa.

Kwale-kwalen da ke kawo mana kayan abinci ranar Alhamis kaɗai yake zuwa. Da shi ake fita daga nan, daga can kuma kwana uku a hanya kafin gida. Na yi lissafin cewa yau zan ba da jini, jibi in hau, Lahadi in gan ta. Yanzu in na tsaya, sai Alhamis ta sama.

Kilo ɗaya da ɗari uku da hamsin. Jumardin ya ce jarirai duka suna raguwa a makon farko. Ya faɗa da sauri, kamar wanda aka ba shi ya haddace.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan La'asar

Na je wurin Likita Luz, Yopi yana fassara. Na tambaya ko za a ɗebi jinin yau a ajiye. Ta ce irin aikin nan sabon jini take so, mai ɗumi, domin shi ke tsayar da zubar jini. Na tambaya ko ba wani. Ta ce sun gwada dangin matar goma sha ɗaya, sun aika babban gari, babu. Ranar ashirin da biyar jirgin zai ɗaga anga, kuma ba zai sake biyowa ta nan ba sai bayan shekara biyu. Na ce matar za ta iya jiran shekara biyu? Likita ta kalli taga.

Sannan ta ce, "Baba, kai ɗan sa-kai ne. Ba wanda ya ɗaure ka. In ka tafi gobe ba mai ganin laifinka, ni ma da jikata ce zan tafi."

Da ta hana ni da ya fi min sauƙi.

Na kira gida. Saribanong ta ce min ƙafar yarinyar ba ta kai babban yatsana ba, kuma hancin nawa ne, Allah sarki. Ta yi dariya, ni ma na yi. Ba ta ce in zo ba. Ba ta ce kar in zo ba. Shekara talatin da takwas muna tare, na san irin shirunta, amma wannan ban gane shi ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya

Na haɗa jakata tun bayan Asuba. Yopi yana kallona daga gadonsa, bai tsokane ni ba, abin da bai taɓa yi ba.

Kwale-kwalen ya zo ƙarfe takwas. Aka sauke shinkafa, kabeji, ƙwai, tulunan gas. Ina tsaye a bakin matakala da jakata. Nurhaima tana zaune can gefe a kan ɗan bencin da na gyara ranar Juma'a, an fito da ita shan iska. Ta ga jakar. Ta san ko ni wane ne, an gaya mata. Ba ta kira ni ba, sai ta gyara zaninta a kan cikin ta juya fuska wajen teku, don kar in ji nauyinta.

Mai kwale-kwalen ya ɗaga min hannu in sauko. Na sa ƙafa a matakin farko. Yopi yana bayana da kwandon ƙwai, ya ce a hankali, "Daeng, ko sama ko ƙasa, ƙwan nan yana da nauyi."

Sai na faɗa masa. A nan kan matakala na faɗa masa maganar zarton duka, shi da ba ɗan sana'armu ba, ba ɗan addinina ba. Na zaci zai yi dariya. Ya saurara har na gama, ya ce shi bai san komai a kan katako ba, amma in dai haka dokarku take, to ya ga kamar ranar da na sa hannu a takardar likita na sake sa wani zarton.

Na hau sama. Kwale-kwalen ya tafi ƙarfe tara da rabi. Na tsaya ina kallonsa har ya zama kamar ƙuda.

Allah ka sa ban yi kuskure na biyu ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Kwana bakwai. Yau ya kamata a yanka akuya a aske gashi a raɗa suna. Hasna ta ce ba za a sa suna ba sai babanta ya zo ya sa. Jumardin ya ce ya roƙe ta a sa yau, saboda. Bai ƙarasa ba, ni ma ba zan ƙarasa masa ba.

Jikin jaririyar ya yi rawaya, an kunna mata fitilar magani. Ta bututu ake ba ta nono. Kilo ɗaya da ɗari uku.

Na gyara ƙofa biyu da ba su lalace ba.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Iska ta juya jirgin, waya ba ta kamawa ko a wajen tanki.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Har yanzu babu. Na hau sau tara. Wani matuƙi ya ce in daina ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa, ba ta nan saƙo ke shigowa ba.

Duk wanda ya kira ni kaka a hanya sai gabana ya faɗi. Ban san ko har yanzu sunan nawa ne ba.

Yopi ya gasa min kifi da barkono da lemun tsami irin na gida. Na ci don kar ya ji haushi.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan La'asar

An yi.

Ƙarfe bakwai aka gwada ni, jinina ya hau. Ma'aikaciyar ta sake gwadawa, ya ƙara hawa. Likita Luz ta fito da hular tiyata a kanta ta ce a haka ba za a taɓa ni ba, ta ba ni awa ɗaya, in bai sauka ba an fasa. Nurhaima tana kwance a ciki an riga an shirya ta. Aka ce in kwanta in huta. Ina kwanciya sai zarton ya zo ya tsaya min a ido.

Yopi ya shigo ya ja ni zuwa ɗakin girki. Ya ajiye min katakon da yake yanka nama a kai, wanda wuƙa ta cinye tsakiyarsa ya yi kwari, ya ce wata uku yana neman kafinta mai hankali bai samu ba, ko zan gwada. Na ɗauko abin feran katako. Na fara daga wannan gefe zuwa wancan, ina ja, ɓawon yana naɗewa yana zuba a ƙafata. Ban tsaya ba sai da ya yi sumul. Da aka sake gwada ni ya sauka.

Allurar ba ta kai yadda na zata ba. Yopi bai yi waƙar ba, na ce in ya buɗe baki zan fasa. Na ga ledar jinin tana cika, aka ɗauke ta da ɗuminta aka shige ciki da gudu. Na zauna a bayan ƙofa awa huɗu da kofin shayi mai sukari. Mijin Nurhaima yana ɗaya gefen bencin. Ba mu da yare ɗaya, sai muka yi ta jan carbi.

Likita ta fito ta ce an cire, ya kai nauyin kwakwa uku, kuma ba don ledar nan ba da labarin ya bambanta. Mijin ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ko minti ɗaya ban yi ba na tashi na hau wajen tanki.

Babu.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Waya ta kama. Na ajiye ta a kan tanki na danna lambar da yatsa ɗaya.

Saribanong ce ta ɗauka. Ban ko yi sallama ba na ce yarinyar tana nan? Ta ce tana nan, jiya ta kama nonon uwarta da bakinta, ta ja sau biyar ta yi barci. Kilo ɗaya da ɗari huɗu da ashirin. Na zauna a ƙasa, a kan ƙarfen da rana ta gasa, ban ji zafinsa ba.

Sai na ce mata akwai abin da na ɓoye mata. Na ce laifina ne yarinyar ta zo da wuri, na bar zarto a tsakiyar katakon gadon.

Ta ce, "Wannan ne ya hana ka cin abinci? Yopi ɗin naka ya turo wa Jumardin saƙo cewa ka rame."

Na ce ba abin wasa ba ne.

Ta ce, "Tsoho, shekara nawa ina kai muku shayi bakin teku? Ka ɗauka ban san doka ba? Motarku ba ta kai kwanar masallaci ba na kama zarton. Da ɗuminsa na same shi. Na ja har ya fita."

Na ce ke?

"Ni. Da idon nan da aka gyara min. Ya ɗan karkace, don ban iya bin layinka ba, kuma kwana uku kafaɗata tana ciwo. Na yi shiru ne don na san za ka ce mace ta taɓa maka kayan aiki."

Ta ce in daina shessheƙa a kunnenta, in je in ci abinci.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe tara

Likita Luz ta ce in tafi, sauran kwanakin alkawarina in kawo su baɗi, ƙofofin za su jira. Nurhaima ta fara zama. Ta ba ni wata 'yar tabarma mai launi da ta saƙa da hannunta, Yopi ya ce wai ta jaririyar ce. Shi kuma ya cusa min gasasshen kifi a jaka, ya ce in gaya wa jikata tana da wani kakan a teku wanda ya fi na gida kyau.

Ina cikin kwale-kwalen. Na katako ne, yana kuka yadda ya kamata.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan Azahar

Na gan ta.

Aka sa na wanke hannu har gwiwa, aka ba ni riga da hula. Akwai rami a jikin kwalbar, na zura hannu. Ta kama ɗan yatsana, bai ma zagayu a hannunta ba. Hancin nawa ne, tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. Kilo ɗaya da ɗari biyar da sittin. Likitansu ya ce da saura, ba a gama fita daga daji ba, amma tana hawa kullum.

Hasna ta ce, "Baba, mun gaji da ce mata yarinya."

Na sunkuya wajen ramin na raɗa mata: Saribanong. Mai sunan tana tsaye a bayana, ta ce wane irin mutum ne zai ɗora wa jaririya sunan tsofaffin ƙauye, yara za su yi mata dariya a makaranta. Tana faɗa tana neman ƙofa, ta fita, ta daɗe ba ta dawo ba.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan Asuba

Na shiga rumfa. Zarton yana rataye a ƙusarsa, an goge shi da mai. Katakon yana jingine da bango, gida biyu. Daga sama zuwa tsakiya yankan ya miƙe a kan layina. Daga tsakiya zuwa ƙasa ya kauce da faɗin yatsa biyu.

Na ɗauko abin fera, na riƙe shi, na mayar.

A haka zan haɗa gadon. Gefen da ya karkace zan sa wajen kanta.